Hular Gashin Maman Saratu

Duk macen da mara lafiya ya riƙe wa hannu ya ce kada ta faɗa wa kowa, ina roƙonta ta karanta wannan kafin ta ce to. Ni na ce to a tsaye, ban yi shawara da kowa ba, kuma ga shi an shekara da rasuwar Maman Saratu nauyin bai sauka daga kaina ba.

Sunana Hajara, Hajo ake ce mini. 'Yar Morai ce ni, aure ya kawo ni Talata Mafara, mijin ya rasu ya bar ni da ɗaki biyu da tsinken kitso. Da safe ina koya wa matan aure karatu a makarantar yayana, Yaya Malam, da rana kuma in shimfiɗa tabarma in yi kitso.

Maman Saratu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Sunanta Rifkatu, 'yar Zuru ce, Kirista. Ta zo garin nan tana yarinya lokacin da ake ginin dam na Bakolori, aka ɗauke ta buga tafireta a ofishin noman rani, kuma a kujerar nan ta tsufa har ta yi ritaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya ce, Saratu, tana aure a Legas. Zaman da ta yi a nan ya sa Hausarta ta koma ta Mafara sak, in tana magana a bayan katanga sai ka rantse 'yar gari ce. Allah ya ba ta gashi mai cika, kuma ni kaɗai ke taɓa shi. Duk Asabar ta biyu takan shigo ta zauna tsakanin ƙafafuna in yi mata shuku don zuwa coci, muna gulmar unguwa. Ba ta rufe kai ruf kamar mu. Can baya take ɗaura ɗankwali, ta bar gashin goshi kamar faɗin yatsa biyu a waje. A kan wannan yatsa biyun na ƙarar da wata goma na rayuwata.

A farkon damina ne, ana dashen shinkafa, ina tsakiyar yi mata kitso ta kamo hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon goruba.

"Mi na na wanga?" na tambaye ta.

"Wata biyu ke nan shina nan. Ba shi ciwo, Hajo."

Ni da ban san komai ba na ce kaluluwa ce, za ta baje. Mai kemis ma haka ya ce, ya ba ta kafso na mako guda. Mako ya wuce, abu yana nan daram. A mako na uku muka je asibitin gari, aka yi mata allurai, aka ce ta dawo. Da ta dawo likitan ya duba, sannan ya rubuta takarda ya ce mu wuce Sakkwato. A can na san abin da ake kira layi. Akwai layin kati, akwai layin biya, akwai layin ganin likita, kuma in ka tashi kama ruwa ka dawo, wurinka ya zama na wani. Suka yanki 'yar tsoka suka ce mu dawo bayan mako uku. Da muka koma, wani likita matashi ya cire tabarau ya ce, "Mama, kansa ce, ciwon daji, kuma ta riga ta yi tafiya." Wannan kalmar ta zauna mini a kai. Ta yi tafiya, kamar wata baƙuwar da ta zaga ɗakunan gida ba wanda ya ji motsinta.

Muna fitowa ta zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro ta riƙe mini hannu.

"Hajo, ki rantse min da Allahnki ba ki hwaɗa ma kowa."

"Allah ɗaya na, Maman Saratu."

"To ki rantse da shi. Saratu na da ciki wata biyu. Uku sunka zube mata, kin sani. In taj ji wanga labari, na huɗun ma bin su zai yi. In kuwa 'yan coci sunka ji, kahin marece waya ta kai mata. Bari ta sauka lahiya, ni da bakina zan hwaɗa mata."

Maganar ta shige ni, domin ni na riƙe Saratu tana jaririya, kuma na san shekara tara ta yi tana neman haihuwa. Na rantse.

Aka fara mata maganin da suke kira kemo, wanda ake sawa a ƙarin ruwa duk bayan mako uku. Wa zai tambayi 'yar fansho dalilin zuwa Sakkwato? Muka ce tantancewa ake yi musu, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, domin kowa ya san wannan tantancewar ba ta ƙarewa. Bayan na farko ta yi kwana huɗu tana amai, ko ƙamshin miya ba ta so. A mako na biyu na zo tsefe mata kai, na sa matsefi, sai kitso ɗaya ya biyo hannuna gaba ɗayansa, kamar an cire ciyawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na zauna riƙe da shi ina kuka, ita ce ma ta koma rarrashina. Kafin Asabar kanta ya koma fes. A al'adarmu gashin da ya zube binne shi ake yi, amma hannuna ya ƙi. Na tattara shi na zuba a gwangwanin madara na rufe.

Ranar nan ta ce in jawo mata akwatin ƙarƙashin gado. A can ƙasa, cikin leda, akwai hular gashi wadda Saratu ta saya mata lokacin bikinta, ta sa sau biyu ta jefar ta ce zafi gare ta. Ba irin ta kasuwa mai ƙyalli ba ce. Gashin mutum ne na gaske, an ɗaura shi sili-sili a jikin wata siririyar raga mai kama da gidan sauro, yadda in ta kwanta a goshi sai ka ga kamar daga fata gashin ya tsiro. Sai dai shekara tara a akwati ba wasa ba ce. Ta bushe ta cukurkuɗe, ga warin kafur.

"Ki mai da min ita kaina, Hajo. In Talatu tag gane, kowa ya gane."

Talatu ita ce shugabar matan zumunta a cocinsu, macen da ke gane sabon zane tun daga bakin titi.

A nan na tafka kuskuren da sai mai kitso za ta yi shi. Na ga busasshen gashi, ni kuwa abin da na sani tun ina budurwa shi ne busasshen gashi man shanu yake so. Na narka man shanu na haɗa da man kaɗanya, na shafe ta ciki da waje, na shanya a rana don ya ratsa. Da na dawo daga makaranta kiyashi sun yi mata sansani, tana tsami kamar ƙwaryar da aka manta ba a wanke ba. Na wanke da ruwan zafi da sabulun wanki, na sa mataji tun daga tushe na ja da ƙarfi, yadda nake ja a kan 'yan mata suna ihu ina cewa kyau sai da wuya. Gashi ya cika mataji, raga ta yage a wajen kunne. Garin neman gira na kusa rasa ido. Maman Saratu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke Hajo, tuwo kika so ki ci da ita?" Dariyarta ta farko ke nan tun da muka dawo daga wurin likita, amma Lahadin nan ba ta je coci ba, aka ce zazzaɓi ne.

Wadda ta cece mu wata mata ce a layin kemo, mai shagon gyaran gashi daga Birnin Kabi, ita ma kanta ba ko sili. Na buɗe mata leda a ɓoye, ta duba ta girgiza kai. Ta ce in fara sanin abu ɗaya: wannan gashin ba shi da saiwa, duk silin da ya fita ya fita ke nan. Ba ya son mai a tushe, domin mai yana kwance ƙullin da ke riƙe shi a raga. Ruwan sanyi ake sa masa da sabulu mai laushi, a tsoma a ɗaga, ba a cuɗawa. Taza daga baki ake farawa a hau sama a hankali, hannu ɗaya yana dafe da tushen. A inuwa ake shanya ta, a kan abu mai siffar kai. Gam ɗin da ake manna ta da shi a goshi kuma sai an goge tsohon da auduga da sifirit kafin a sa sabo, in ba haka ba bakin ragar ya yi baƙi ya tona asiri. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Sau uku muka haɗu, a na huɗu na duba layi ban gan ta ba, kuma ban iya tambaya ba.

Na samo duma daidai girman kan Maman Saratu na kafa shi a bakin tulu a ƙuryar ɗakina. Ruwan kanal ɗin dam da 'yan garuwa ke kawowa jar laka gare shi, sai na koma tarar ruwan sama a roba saboda ita kaɗai. Na ɗinke yagewar da zare mafi siriri. Na shafa hodar Maman Saratu a cikin ragar har launinta ya zo ɗaya da fatarta. Na yi mata shuku sako-sako, ina riƙe numfashi a kowane sili. Da na ɗora wa Maman Saratu ita, ta kalli madubi ta daɗe, sannan ta ce, "Ta yi kyau, amma wagga yarinya ta. Ni ina da hurhura."

Gaskiyarta. Mace mai shekara sittin da baƙin gashi wuluk, ai Talatu daga ƙofa za ta gane. Sai na tuna da gwangwanin madara. Na gasa bakin allurar ɗinkin hula a wuta na lanƙwasa shi ya zama ɗan ƙugiya, na zauna ina tsintar furfurarta ɗaya bayan ɗaya ina ƙulla ta a ragar, wajen goshi da saman kunnuwa, daidai inda na san take a kanta. Kwana shida na yi ina wannan aikin har idona ya fara ganin abu biyu-biyu. Ban taɓa aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba, kuma ban taɓa aikin da ya cuci mutane kamar shi ba.

Daga nan kowace Lahadi aikinmu ɗaya. In shiga da sassafe in goge mata kai, in shafa gam siriri, in jira ya sha iska, in kwantar da ragar in danne da bayan mataji. In zana mata gira da kwalli, domin girar ma ta tafi. Ta ɗaura zane biyu don kada ramar ta fito, ta kafa ɗankwali a baya, yatsa biyun nan suna waje. Ta tafi coci tana takawa kamar ba ita ce ta wuni kwance jiya ba. In ta dawo sai Saratu ta kira ta a waya ta bidiyo, su yi hira, ina zaune a gefe inda ba a ganina. Saratu takan ce, "Mama, kin rame hwa." Ita kuma ta ce olsa ce, gyambon ciki, likita ya hana ta maiƙo. Ana ajiye waya sai in ɓare hular a hankali, ta kwanta, ba ta ƙara motsi sai Talata.

Da yake olsa muka ce, maganin olsa ya yi ta zuwa. Talatu ta aiko da ruwan kabeji. Wata ta ce madara da zuma. Gwaggona ta Tsibiri, da ta zo ta gan ta sau ɗaya, ta aiko da sassaƙe a ƙullin leda ta ce a jiƙa da jar kanwa. Kowa ya ba da shawararsa a tsaye a bakin ƙofa ya wuce, domin olsa ba ciwon da ake shimfiɗa wa tabarmar dubiya ba ne. Wannan shi ya fi ci mini rai. A lokacin nan Yaya Malam ya yi zazzaɓin kwana uku, zaurensa ya cika har ana zama a waje, kunu da lemo har an rasa inda za a ajiye. Ga mace a bayan katanga tana fama da abin da ya fi zazzaɓi sau dubu, ba mai sallama sai ni. In akuya ta taɓa ƙyaure sai ta ɗaga kai ta ce, "Wa na na?" In ce ba kowa. Ita ta hana a zo, kuma ita ke sauraren takun masu zuwa.

Ba zan ce kullum cikin haƙuri na yi jinyar nan ba. Akwai ranar da na yi mata kunu sau uku tana turewa, na ce mata ni ba baiwarta ba ce, tana da ɗiya tana da dangi tana da coci guda, ta tattara duka ta ɗora a kaina. Ta juya fuska bango ta ce in tafi. Na tafi, na zauna a ɗakina ina kallon duman nan da gashi a kansa, ba ni da wanda zan kai wa ƙara. 'Ya'yana biyu suna gidajen mazansu, in sun kira sai in ce lafiya lau. Kafin la'asar na koma da wani kunun, ta sha, ba wadda ta tayar da maganar. Keken ɗinkinta ya tafi a kuɗin allura, firij ya bi shi, muka ce wa mutane wuta ce babu, ajiye shi ba amfani. Mutum ɗaya nake zargin ya gane, wani direba ɗan Bakura da muke yawan shiga motarsa. Bai taɓa tambaya ba, amma kullum sai ya ajiye mata gidan gaba, kuma in ya ga ta rufe baki da gyale sai ya tsaya a gefen hanya ya ce taya zai duba.

Da bazara ta shigo, ana kwasar albasa, zafin Mafara ya zama abokin gabana. Gumi yana ɗaga gam tun kafin ta kai bakin titi. Fatar goshinta ta yi laushi ta fara ƙuraje, dole na rage gam na ɗinka roba a ƙeya. Hular ma ta fara gajiya. Duk wankin da na yi sai na ga silalla a ruwa, bakin ragar ya fara zarewa, ina datse shi da reza kaɗan-kaɗan, goshin yana ƙara faɗi. Na sauya tsagar daga tsakiya zuwa gefe don in rufe inda ya yi sanƙo. Gwangwanin madara ya kusa ƙarewa. Likita kuma ya ce a dakata da kemo, jininta ya yi ƙasa, ya rubuta maganin rage zafi kawai. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na gane abin da hakan ke nufi.

Na je wurin Yaya Malam na yi masa tambaya a kaikaice. Na ce mace ce ciwo ya zubar wa gashi, ko akwai laifi a taya ta sa na kanti. Ya ce larura daban take da ado. Na ce to in an ba mutum amanar ciwo fa, alhali akwai mai haƙƙin ya sani? Ya dube ni ya ce:

"Hajara, amana nauyi gare ta. Amma wanda anka ɓoye mawa, shi ma shina da haƙƙi. Ki koma ga mai amanar ki roƙe ta ta sake ki."

Na roƙe ta. Ta ce saura wata ɗaya Saratu ta haihu, in ƙara haƙuri.

Saratu ta haifi namiji lafiya lau. Maman Saratu ta yi rawa a zaune a bakin gado. Na ce to, alkawari ya cika. Ta ce a bari a yi suna. Aka yi suna, ta ce jego ɗanye ne, a bari ta yi arba'in. Ga kuma abin da ba mu lissafa da shi ba: uwa ce ke zuwa wankan jego, kuma Saratu ta aiko da kuɗin mota tun kafin ta haihu. Maman Saratu ta ce hanya ba kyau, ta ce tantancewa, ta ce hawan jini. Saratu tana kallonta a waya da kitsonta da girarta, mace garau, ta ƙi zuwa ganin jikan da aka shekara tara ana jira. Ranar nan na ji muryar Saratu ta canza.

"Mama, in ba ki son zuwa ki ce ba ki so. Uwar mijina na nan, ta isa."

Ta kashe waya. Daga nan kiran ya koma gajere, wata Lahadin ma ba ya zuwa. Maman Saratu takan sa in shirya ta tsaf, ta zauna da waya a cinya har azahar, sannan ta ce in cire.

Na rasa ƙarfin halin karya rantsuwa da bakina, sai na yi dabarar matsorata. Wata Lahadi na ƙi goge tsohon gam, na bar bakin ragar a ɗage wajen kunnen dama, na tura hular baya kaɗan yadda fatar kai za ta leƙo. Idon Maman Saratu ya riga ya yi rauni, ba ta lura a madubi ba. Na ce a raina Saratu za ta gani ta tambaya, in ta tambaya kuwa ba ni na faɗa ba. Kiran ya zo. Ina gefe ina saurare. Sai na ji Saratu ta ce, "Mama, wai hulab bikina ta kika sawa har yanzu? Ai ta mutu. Inna Hajo ta gaji da kitso ne? Bari in aiko maki sabuwa."

Bayan kwana tara wani direba ya kawo kwali daga tasha. Sabuwar hula ce, baƙa wuluk, mai santsi, an naɗe ta a takarda mai ƙamshi. A lokacin Maman Saratu ba ta iya zama sai an tallafe ta. Na ɗora mata kwalin a ƙirji, ta shafa gashin da yatsu, ta ce, "Ɗiyata ba ta yi hushi da ni ba ashe." Hawaye suka gangara mata cikin kunne. Na fita tsakar gida na kira Saratu. Ban yi doguwar gaisuwa ba, na faɗa mata duka, tun daga ƙwallon goruba har zuwa maganar likita ta ƙarshe. Ba ta yi kuka a wayar ba. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce wata goma. Ta kashe.

Na koma ciki na gaya wa Maman Saratu abin da na yi. Na zaci za ta yi faɗa. Ta rufe ido ta ce, "Kin kyauta. Yaushe za ta iso?" Sai a lokacin na gane ta daɗe tana jiran in karya rantsuwar, ni kuma ina jiran ta sake ni.

Daga Legas zuwa Mafara da jariri a hannu ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Kwana biyun nan duk motar da ta wuce sai ta buɗe ido. Ranar Alhamis da hantsi, ina ba ta ruwa a cokali, ta cika. Ni kaɗai ce a ɗakin. Na rufe mata ido, na gyara mata zane, sannan na aika a kira Talatu.

Matan zumunta suka zo su biyar don su shirya ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Talatu ta zare ɗankwalin ta ga kan, ta buɗe zanen ta ga ƙirjin, ta ja da baya ta dafa bango. Ta juyo ta dube ni.

"Hajo, kowace Lahadi ina zama kusa da matar ga. Ruwan kabeji nika aiko mata. Ruwan kabeji, Hajo!"

Na ja zanen na rufe ƙirjin.

Saratu ta iso bayan la'asar da yaro a goye. Ta shiga ɗakin ta daɗe, ta fito idonta a bushe. Sai bayan an kai uwar an dawo, mutane sun ragu, ta shigo gidana ta zauna a tabarmar da nake kitso. Ta buɗe waya ta nuna mini hotuna. Ashe duk kiran da suka yi takan ɗauki hoton uwar ta ajiye. Ta riƙa wucewa da su ɗaya-ɗaya tana tambayata. Wannan fa? Na ce ranar kwana biyu da yin kemo na uku, da aka ajiye waya ta yi amai. Wannan fa? Na ce ranar aka sayar da keke. Wannan da take dariya? Na ce ranar ba ta iya tsayuwa, filo uku na jera mata a baya. Muka bi su har na ƙarshe. A kowane hoto gashin yana kwance lafiya, ba abin da za ka ce.

Ta ajiye wayar ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta.

"Inna Hajo, na gode. Na san kin sha wuya, abin da kinka yi ko 'yar'uwa sai haka. Amma jinyar uwata tawa ta. Ita ɗai gare ni, kuma sau ɗaya za ta yi ciwon mutuwa. Ko kashinta na kwashe sau ɗaya, da na samu abin riƙewa. Kin cinye ke ɗai. Ni abin da nis samu, na kashe mata waya."

Ta tashi ta goya ɗanta. Na raka ta har ƙofa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da basira. Ni dai na iya gyaran hular gashi yanzu, duk wadda tata ta tsufa ta kawo in nuna mata. Amma kafin in taɓa, sai ta gaya mini wa ake ɓoye wa.